Darasi na 14: Mudun Bishiya, Yadda Na'urori Ke Auna Girman Turare a Gandun Bincike

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:
1. Bayyana abin da ake nufi da gandun bincike.
2. Faɗin aikin manyan na'urorin da ake ɗaura wa bishiya ko a binne a gindinta.
3. Lissafa kaurin bishiya da tef ɗin tela.
4. Kawo hujja idan ana gardama a kan turare da ruwa.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar manoma ya ji gardamar turare. Wani ya ce tun da maƙwabcinsa ya jera shi a kan iyaka, geron da ke kusa bai ƙara yin abin kirki ba. Wani ya ce da kuɗin sandunan turare ya rufe ɗakinsa da kwano. Na uku ya rantse cewa rijiyar unguwarsu ta ja baya ne saboda shi. A kan tashi ba a daidaita ba, domin kowa abin da idonsa ya gani yake faɗi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai idan ciniki ya kai ga biyan kuɗi, mudun ake ɗaukowa. A wannan darasi za mu ga irin mudun da masana suka yi wa bishiya, da abin da ya nuna musu a wani gandu da ke ƙasar Barazil.

Daga ina turare ya fito?

Asalin turare ƙasar Ostireliya ne, kuma yana da iri sama da 700. Wanda muka fi sani a arewacin Nijeriya sunansa na kimiyya Eucalyptus camaldulensis. A ƙasarsa ta asali a bakin koguna ya fi fitowa, amma yana jure fari, shi ya sa aka yi ta dasa shi a shingayen tare iska a Kano da Jigawa da Katsina. Tashar binciken daji da ke Samaru, Zariya, ta gwada irinsa daban-daban a wurare kamar dajin Afaka kusa da Kaduna.

A Barazil kuwa, wani masanin aikin gona mai suna Edmundo Navarro de Andrade ne ya fara gwajinsa gadan-gadan a 1904, domin sama wa wani kamfanin jirgin ƙasa makamashi da katakon shimfiɗa dogo. Yau ƙasar tana da turare a fili sama da hekta miliyan 7. Ana sare shi yana da shekara 6 zuwa 7, a yi takarda da gawayi da katako. Mai irin wannan dukiya dole ya so sanin abin da bishiyarsa ke ci da abin da take sha.

Mene ne gandun bincike?

Gandun bincike gona ce ta bishiyoyi da aka dasa domin neman amsar tambaya. Ana yanka filin gida-gida. Wannan gida a sa masa taki, wancan a hana shi. Wannan a ba shi iri kaza, wancan wani irin. Kowace bishiya tana da lamba, kamar yaro a rajistar makaranta. Kuma ana maimaita kowane gwaji a wurare da yawa a cikin gandun, don kada a ɗauki albarkar wani lungu mai dausayi a ce aikin taki ne.

Tsohuwar hanyar awo ita ce tef. Malamin daji ya tsaya a gindin bishiya, ya auna mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin babban mutum, ya zagaya tef a nan. A ko'ina a duniya wannan tsayin aka fi amfani da shi, domin gindin bishiya yakan buɗe kamar bakin algaita, ya ba da awon da ya wuce gaskiya. Abin da tef ya nuna shi ne kewaye. Idan aka raba kewaye da 3.14 sai a sami kauri, wato faɗin gangar daga wannan gefe zuwa wancan.

Har gobe ana amfani da tef, kuma ba ya bukatar batir. Gazawarsa ɗaya ce. Idan ka auna a watan Janairu, ka sake aunawa wata Janairun, za ka san bishiya ta ƙaru da santimita 3. Ba za ka san a wane wata ta ƙaru ba, ko wane mako ta tsaya, ko abin da ya tsayar da ita. Wannan giɓin ne na'urori suka zo cikewa.

Na'ura ta farko: ɗamarar awo

Masana suna kiranta dendiromita. Iri biyu ce. Akwai siririyar ɗamarar ƙarfe da ake ɗaura wa bishiya, da sifirin a bakinta, tana buɗewa yayin da gangar ke kumbura. Akwai kuma wadda ake kafewa da ƙusa a cikin itacen, da wani ɗan tsinke da ke dafe da ɓawo. Ko yaya ɓawon ya motsa, tsinken zai ji, ya mai da motsin saƙon lantarki. Mai kyau daga cikinsu tana jin motsin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Silin gashin kai ɗaya ya ninka wannan kauri sau hamsin ko fiye.

Abin da ɗamarar ta fara nunawa yakan ba mutane mamaki: bishiya tana ramewa da rana, ta murmure da dare. Ga dalili. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Da hantsi sukan buɗe domin shaƙar iskar kabon da bishiya ke haɗa abincinta da ita, kuma ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Idan rana ta take, ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa. Sai bishiya ta ranci ruwan da ta ajiye a ɓawo da tsokar da ke ƙarƙashinsa, gangar ta ɗan tsuke. Da dare ƙofofin sun rufe, saiwa ta ci gaba da jawo ruwa, a biya bashin, gangar ta koma yadda take. Idan akwai rarar ruwa da abinci, sai a ɗora sabon itace a kai. Wani bincike da aka yi a dazuzzukan Suwizalan, aka buga a 2021, ya nuna cewa mafi yawan ƙaruwar kauri da dare take faruwa.

Saboda haka mai karanta alƙaluman yana duba abu biyu. Na farko, shin awon asubahin yau ya wuce na duk asubahin da suka gabata? Idan ya wuce, bishiya ta girma. Na biyu, shin ta biya bashin jiya kafin gari ya waye? Idan kwana da kwanaki tana wayar gari ba ta koma kaurinta ba, ƙishi ya kama ta, ko da ganyenta kore ne shar. Ɗamara takan faɗi haka tun kafin ido ya ga yaushi.

Na'ura ta biyu: alluran auna shan ruwa

Sanin cewa bishiya tana jin ƙishi daban, sanin yawan abin da take sha daban. A 1985 wani masani ɗan Faransa, André Granier, ya fito da wata dabara mai sauƙi da har yanzu ake amfani da ita. Ana huda gangar a soka allurai biyu, kowace tsawonta kamar santimita 2, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Ana soka su ne a farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ta nan ruwa ke hawa. Jan itacen tsakiya ya riga ya daina wannan aikin.

Allurar sama tana da 'yar waya da ke ɗumama ta ba dare ba rana. Ta ƙasa ba a ɗumama ta. Ku tuna da maƙeri idan ya tsoma jan ƙarfe a ruwa. Ruwan da ke hawa cikin itace haka yake kwashe zafin allurar sama. Da tsakar rana, lokacin da ruwa ke gudu, zafin alluran biyu yakan kusanci juna. Da tsakar dare, ruwa ya kusa tsayawa, sai ta sama ta fi ta ƙasa zafi sosai. Daga wannan bambanci ake lissafa saurin ruwan. A haɗa shi da faɗin farin itacen, sai a san lita nawa bishiyar ta sha a yini. Akan lulluɓe alluran da takarda mai ƙyalli don kada zafin rana ya shiga lissafin.

Na'urorin ƙasa da na sama

A gindin bishiyoyi ana haƙa rami, a soka wasu na'urori masu siraran ƙafafun ƙarfe a bangonsa, hawa-hawa, daga kusa da sama har zurfin mita da yawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya ba sa ɗaukar saƙon lantarki iri ɗaya, ta haka na'urar ke gane yawan danshi. Idan danshin wani hawa ya fara raguwa alhali babu abin da ya taɓa shi, an san saiwa ta iso nan.

A sama kuma ana gina hasumiyar ƙarfe da ta zarce kan bishiyoyi. A ƙolinta akwai na'urar da ke auna motsin iska, da wata da ke auna iskar kabon da tururin ruwa, sau 10 zuwa 20 a kowace daƙiƙa. Ita hasumiya ba ruwanta da bishiya ɗaya. Numfashin gandun gaba ɗaya take lissafawa: kabon nawa ya shiga, ruwa nawa ya fita. A gefe akwai ma'aunin ruwan sama da na zafi da na hasken rana. Domin auna tsayi, yanzu akan tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi ɗauke da na'urar da ke harba hasken lesa ƙasa, tana lissafa lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo.

Duk waɗannan wayoyi suna taruwa a wani akwati da ke rataye a inuwa, da batir da faifan sola. Shi ne magatakardan gandu. Yana rubuta awo duk bayan minti 15 ko 30, ya ajiye a katin ajiya irin na waya, ko ya tura ta layin sadarwa zuwa kwamfutar ofis. Na'ura ɗaya da ke rubutu duk rabin awa tana ba da awo 48 a yini, 17,520 a shekara. Tef yana ba da ɗaya ko biyu.

Abin da aka gano a Itatinga

Itatinga gari ne a jihar Sao Paulo ta Barazil, inda Jami'ar Sao Paulo ke da tashar binciken daji. Ƙasar wurin ja ce, mai yashi, mai zurfin gaske, kuma ba ta da ƙarfi. Ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara, ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Masanan jami'ar da takwarorinsu na cibiyar CIRAD ta Faransa sun shafe shekaru suna aiki tare a yankin. Tun 2008 suka kafa hasumiya a wani gandun kasuwanci da ke kusa, a wani shiri da ake kira Eucflux. Irin turaren da suka fi bincika shi ne Eucalyptus grandis, mai son ruwa fiye da namu.

A 2010 suka dasa wani gandu domin tambaya ɗaya: me zai faru idan ruwan sama ya ragu? Tun da ba a hana hadari zuba, sai suka shimfiɗa indararo na leda a ƙarƙashin bishiyoyin wasu gidajen, suna tare kashi 37 cikin 100 na ruwan da ke sauka, su kai shi wajen filin. Wasu bishiyoyin aka ba su takin fotash, wato harafin K da kuke gani a buhun NPK. Wasu aka ba su gishiri a madadinsa. Wasu ba a ba su ko ɗaya ba.

Bishiyoyin da suka sami fotash sun yi wa sauran fintinkau wajen girma. Da tef kaɗai aka yi aiki, da an rufe littafi a nan, a ce a zuba fotash. Amma alluran da na'urorin ƙasa sun ƙara bayani. Bishiya mai fotash ta fi yawan ganye, don haka ta fi shan ruwa, ta fi saurin ƙarar da ajiyar ƙasa, kuma idan rani ya tsananta ita ƙishi ya fi matsa wa. Takin da ya kawo riba a shekarar damina mai kyau yana iya jefa gandu cikin hatsari a shekarar fari.

Abu na biyu ya shafi saiwa. An gano cewa saiwar wannan turare tana nutsawa ƙasa da sauri kusan daidai da yadda kansa ke tashi sama. Da aka haƙa rami mai zurfi, an iske ƙananan saiwoyi har mita 17. Da su yake jawo ruwan da ya taru a can ƙasa domin ya ratsa rani. An kuma ga cewa gandu mai ƙarfi yana mai da mafi yawan ruwan saman da ya sauka a kansa zuwa iska. Bayan an sare bishiyoyi, ƙasa takan sake cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗago, sannan ya sake sauka yayin da sabon dashe ya girma.

Na'ura ma tana kuskure

Kada a ɗauka duk abin da akwati ya rubuta gaskiya ne. Turare yana saɓar ɓawo, kuma busasshen ɓawo yana kumbura idan ruwan sama ya jiƙa shi, sai ɗamara ta rubuta girman da ba a yi ba. Shi ya sa ake kankare mataccen ɓawo kafin a ɗaura ta. Ƙarfe kansa yana miƙewa da zafi, dole a cire wannan daga lissafi. Itace yakan yi tabo a kewayen allura bayan watanni, awon ya ragu, sai an sauya mata wuri. Ɓera yana gwaguyar waya, tururuwa tana gida a akwati, ƙura tana rufe faifan sola, ɓarawo yana sha'awar batir. Kuma saboda tsada, bishiyoyi kaɗan ake ɗaura wa na'ura a cikin dubbai. Idan aka zaɓi ƙosassu kaɗai, lissafin gandun duka ya karkace. Don haka har a Itatinga ba a ajiye tef ba, kuma lokaci-lokaci ana sare wasu bishiyoyi a ɗora a sikeli domin a gwada maganar na'ura.

Ina ruwanmu da wannan?

Ba za a kwaso alƙaluman Barazil a ɗora wa gonar Ɗambatta ba. Iri daban, ƙasa daban, damina daban. Abin ɗauka shi ne hanyar. An ma taɓa yin irin wannan aiki a gida. A Yambawa, yankin Ɗambatta a jihar Kano, masu bincike sun auna gero da danshin ƙasa a gefen shingen turare. Sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna saiwoyin turaren suna shiga gona suna rabon ruwa da gero, kuma da aka haƙa rami aka datse su, geron kusa da shingen ya inganta.

Ashe manomin da ya yi kuka da turaren kan iyaka yana da gaskiya, wanda ya rufe ɗaki da kuɗinsa ma yana da gaskiya. Bishiya mai saurin girma da ruwa take biyan wannan saurin. Awo ne zai faɗa mana tazarar da ta dace tsakaninta da shuka, da yawan da fili zai iya ɗauka, da wuraren da bai kamata a kai ta ba, kamar bakin rijiya da fadamar da ake noman rani.

Sababbin kalmomi

Gandun bincike: gonar bishiyoyi da aka tsara domin gwaji.
Kewaye: tsawon tef idan ya zagaye gangar bishiya.
Kauri: faɗin ganga daga gefe zuwa gefe.
Dendiromita: ɗamara ko tsinke mai auna kumburi da tsukewar ganga.
Hekta: fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, wato murabba'in mita 10,000.

Mu yi lissafi

Alƙaluman da ke nan na koyo ne.

1. Kewayen wani turare santimita 31.4 ne bara, bana ya zama 40.8. Raba kowanne da 3.14. Kaurin bara 10 ne, na bana kusan 13. Da nawa ya ƙaru?
2. Dendiromita ta nuna milimita 100.00 da asubahin Litinin, 99.85 da la'asar, 100.04 da asubahin Talata. Nawa bishiyar ta tsuke da rana? Nawa ta girma a kwana ɗaya?
3. An dasa turare da tazarar mita 3 tsakanin layuka da mita 2 tsakanin bishiyoyi. Kowace ta ci murabba'in mita 6, don haka hekta ta ɗauki 1,666. Milimita 1 ta ruwa a kan hekta daidai take da lita 10,000. Idan gandun ya sha milimita 4 a yini, lita nawa ke nan? Raba amsar da 1,666, ka kwatanta da jarka mai lita 25.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake auna bishiya a mita 1.3 daga ƙasa?
2. Me ke sa ganga ta tsuke da rana?
3. Wane lokaci ne allurar sama ta fi ta ƙasa zafi sosai, kuma me ya sa?
4. Wane abu na'urori suka nuna game da fotash wanda tef ba zai nuna ba?
5. Kawo abubuwa uku da ke sa na'ura ta ba da awon ƙarya.

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi turare biyar, wasu manya wasu ƙanana, bayan neman izinin mai su. A sa wa kowanne lamba, a auna mita 1.3 daga ƙasa, a zana layi da fenti a wurin. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe, a zagaya tef a kan layin, a rubuta kewaye da kwanan wata, da ko an yi ruwa a makon. Mutum biyu su auna kowace bishiya, kowa ya rubuta nasa kafin su gwada. A ci gaba daga farkon damina har ƙarshen bazara, sannan a kawo littafin aji mu duba tare watan da bishiyoyinku suka fi girma da watan da suka tsaya.